Ranar Da Na Kasa Ɗaga Inna

Funtua,
Jihar Katsina.

Zuwa ga 'yata Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sa kun isa Malumfashi lafiya, Ya tsare ki a ɗakin kwana da cikin aji, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki da malamai masu tausayi. Na sa takardar a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwan gado, don na san sai kin natsu za ki kai gare ta.

Ke ce ta fari, kuma kin san yadda aka rene mu. Uwa ba ta zaunar da 'yar fari ta yi ta zuba mata magana ido da ido. Ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba, tunda na Inna ne, mahaifiyar Babanku. To abin da baki ya kasa, ga alƙalami zai yi.

Na san da abin da kika tafi a zuciya. Kin ji Gwaggonku Hajiya Asabe ta ce in kin tafi makarantar kwana babu mai iya ɗaga Inna a gidan nan in ta sake faɗuwa, don haka za ta ɗauke ta su koma Kaduna. Na kuma ji lokacin da kike roƙon Babanku ya bar ki a makarantar jeka-ka-dawo saboda haka. Zan zo kan wannan maganar. Amma sai na fara faɗa miki inda ni na yi tuntuɓe, don kada ki taka wurin.

Zan fara da ranar da Inna ta faɗi, shekarar da kike aji biyar a firamare. Ke ƙarshen abin kika tarar.

Ranar kasuwar Dandume ce, a ƙarshen damina. Babanku ya fita sayen masara tun da sassafe, ke kina makaranta, ƙanwarki Hanifa tana barci. An yi ruwa da asuba, simintin banɗaki ya yi santsi. Ni kuwa ina kwance a doguwar kujera da littafi a hannu. Na kai daidai inda yarinyar labarin ta yanke jiki ta faɗi, saurayin ya ɗauke ta cak ya nufi mota da ita. Ina cikin murmushi sai na ji ƙarar bokiti. Can kuma na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa tana cewa, "Hafsi."

Na same ta yashe tsakanin bango da bokiti, zaninta ya jiƙe ya zame, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe. Na kama hannunta na ja, ta yi ƙara. Na zagaya bayanta na zura hannuwana ƙarƙashin hammatarta na yunƙura. Kin san Inna ba ta da jiki, da ƙyar in ta kai rabin buhun masara. Na ɗaga ta kamar taƙi guda, sai bayana ya amsa, hannuwana suka saki, muka zube tare. Na sake gwadawa har numfashina ya ƙare. Ita ma ta dafa bango ta yunƙura, ƙafafun suka ƙi.

Na ce bari in leƙa waje in kira masu facin tayar da ke bakin titi. Ta riƙe bakin zanina.

"Kada ki kira mini namiji. A haka? Gara in wuni a nan."

Matan maƙwabta duk sun tafi bikin suna a garin Tsiga. Wayar Babanku ba ta shiga. Na ɗauko busasshen zani na rufe ta, na zauna a jiƙaƙƙen simintin na ɗora kanta a cinyata. Ina kuka, ita tana ba ni haƙuri. Can sai ta laluba damtsena ta matsa, ta ce, "Ke Hafsi, duk tuwon gidan nan ina yake tafiya? Cikin littafi?"

Haka muka zauna har kika dawo daga makaranta. Kin tuna sauran: kika ajiye jaka, kika kama gefe ɗaya na kama ɗaya, muka kai ta ɗaki. Yarinya ƙarama, amma gefenki ya fi nawa tsayuwa, domin ke ce mai ɗebo ruwa a gidan. A asibiti aka ce babu karaya, targaɗe ne da buguwa a ƙugu. Aka kuma ce ba ciwon ne ya hana ta tashi ba, ƙafafun ne babu ƙarfi a cikinsu tun kafin ta faɗi.

Tun ranar nake waiwaye.

Kuskurena na farko, na ɗauka hutu shi ne darajar mace. A Gozaki na tashi, kin sani. Na yi daka, na ja guga, na ɗauko damin dawa a ka daga gona. Duk lokacin da na samu sarari sai in laɓe a inuwar rumbu da littafin da na aro. Matan cikin littattafan ba sa ɗaukar abin da ya fi ƙaramar jaka nauyi. In sun gaji a kama su, in sun suma a ɗauke su. Na sa wa raina ni ma wata rana haka zan zama. Da na gama sakandare na auri Babanku, na zo Funtua na tarar da injin niƙa a bakin layi, ruwa a tanki, girki a gas. Wannan ni'ima ce, ban raina ta ba, kuma ba na fatan komawa jan guga. Laifina shi ne da aka ɗauke mini wancan aikin ban sa komai a gurbinsa ba. Na kwanta. In ƙawayena suka kama hannuna suka ce kamar auduga, sai in ji kamar an ba ni kyauta.

Ban kai talatin ba na fara ciwon baya. In na goya Hanifa zuwa bakin titi sai na tsaya na huta. Tukunyar gas in ta ƙare sai ta jira Babanku. Murfin kwalbar man gyaɗa ma ke nake miƙa wa. Duk wannan ban ɗauke shi ciwo ba, na ɗauka haka matan hutu suke.

To ki sani, fartanyar da aka jingine tsatsa take yi. A makaranta za ki ɗebo ruwa, za ki ɗauki akwati, za ki yi shara da noman fili. Za ki ga 'yan mata masu ganin wannan wulaƙanci ne, suna neman wanda zai yi musu. Kada ki shiga sahunsu. Ƙarfin da ke hannunki yanzu dukiya ce, kuma in kika daina amfani da shi zai tafi ba sallama. Ban ce ki bar karatun labarai ba. Ni ma har gobe ina karantawa, kuma har gobe ina hawaye in an raba masoya. Sai dai ki tuna, ranar da na zauna a simintin nan babu wanda ya shigo ya ɗauki kowa.

Kuskure na biyu ya fi na farko ciwo, don ba ni kaɗai ya taɓa ba. Lokacin da aka kawo ni gidan nan, Inna da kanta take dakan furarta. Ita ke share ƙofar ɗakinta, ta kai wa awakinta dusa, ta taka har ƙarshen unguwa gaishe-gaishe. A tabarma take zama, ta tashi ba ta dafa komai ba. Ni kuma amarya mai son a yaba mata. Ranar farko da na gan ta da taɓarya na ruga na karɓe, na ce ina gidan za ta yi daka, me mutane za su ce? Na karɓe tsintsiya, na karɓe bokiti. Daga baya da na gaji, sai na kai gero inji, sauran ayyukan kuma suka koma kanki da kika tasa. Kowa ya sa mini albarka. Gwaggonku ta aiko da kujera mai laushi. Da gwiwa ta fara damun Inna, muka ce ta bar zaman tabarma. Da ta daɗe ba ta zauna a ƙasa ba, tashi daga sujada ya zama aiki, muka ce ai addini da sauƙi, ta yi salla a kujera. Kowane mataki da ƙauna muka ɗauke shi.

Bayan faɗuwar aka tura mu sashen gashin ƙashi, inda ake koya wa marasa lafiya motsa gaɓoɓi. Wata ma'aikaciya ce ta karɓe mu, mace mai fara'a da ba ta ɓoye magana. Ta ce Inna ta tashi daga kujera ba tare da ta dafa ba. Inna ta yi, ta yi, ta kasa. Matar ta tambayi wane aiki take yi a gida. Na yi caraf na amsa da alfahari cewa ko tsinke ba ta ɗagawa.

Ta dube ni ta ce, "To ai shi ne ciwon."

Ta yi mana bayani cewa naman jiki ba ya tambayar shekarun mutum, abin da ya sani a ba shi aiki. In an ba shi ya ƙaru, in an hana shi ya zube, ga yaro ga tsoho. Ta ce a tsufa zubewar ta fi sauri, shi ya sa tsoho ya fi kowa buƙatar a bar shi ya motsa. Ƙashi ma, in ji ta, yana ƙara ƙwari ne in yana ɗaukar nauyi.

Shawarata a nan, ki girmama babba, ki karɓar masa abin da ya fi ƙarfinsa. Amma abin da zai iya, ki bar shi ya yi, ke ki tsaya kusa. Ko ni, ranar da na tsufa, in kin gan ni da tsintsiya kada ki karɓe. In mutane sun yi magana, ki ce ni na ce.

Matar ta ba Inna aiki. Ta jingina kujera da bango, ta zauna ta tashi, ta zauna ta tashi, da farko tana dafa hannun kujerar. Ta kama ƙarfen taga ta ɗaga dugadugai ta sauke. Ta ɗauki gorar ruwa a kowane hannu ta ɗaga ta sauke a hankali. Inna ta ce ita da ta haifi mai gemu za a koya wa tashi tsaye? Matar ta yi dariya, ta juyo kaina ta ce ni ma in gwada, amma a ƙaramar kujera ta tsakar gida. Ban yi nisa ba cinyoyina suka kama rawa. Inna ta yi dariya har da tari, karon farko tun faɗuwarta. Ta ce ta yarda za ta yi, da sharaɗin in riƙa yi tare da ita, don ta samu abin kallo. Daga nan muka fara, ke kina yi mana ƙirge kina cewa takwararki ta fi Umma ƙoƙari.

Kuskure na uku gaggawa ce. A littafi, in yarinya ta ƙudura za ta canza, sai marubuciya ta ce bayan wasu watanni, ki juya shafi ki tarar an gama. Ni ma haka na so. Ina fara jin ɗan ƙarfi sai na cika jarkoki biyu har baki, na duƙa daga ƙugu, ƙafafuna a miƙe, na fizgo su. Kin tuna lokacin da na kwanta kina shafa mini man zafi, na ce miki sanyi ne ya kama ni? Jarkokin ne.

Da na koma asibiti na sha faɗa, sannan aka koya mini abin da zan faɗa miki yanzu. In za ki ɗauki abu daga ƙasa, ki matso kusa da shi, ki buɗe ƙafafu kaɗan, ki lanƙwasa gwiwoyi kamar za ki tsuguna, bayanki a miƙe. Ki rungumo kayan jikinki, ki tashi da ƙarfin cinyoyi. Kada ki riƙe numfashi. Kada ki murɗa ƙugu da kaya a hannu, ki juya da ƙafafunki. In ruwa za ki ɗebo, rabi-rabi a hannu biyu ya fi cikakken bokiti a hannu ɗaya yana karkatar da ke. Ki fara da abin da za ki iya ɗagawa sau da yawa ba tare da kin yamutsa fuska ba. In ya zama wasa, ki ƙara kaɗan. Ni da rabin jarka na koma, ina zagaya tsakar gida da su, ina ƙara kofi-kofi.

Ki bambanta gajiya da ciwo. Tsamin jiki washegari ba komai ba ne, yana wucewa. Amma in kika ji abu ya soke ki a gaɓa ko a baya, ki tsaya, in bai bari ba ki je wurin malamar jinya. Kuma ba kullum ake yi ba. In kin yi yau, gobe ki bar jiki ya huta, a cikin hutun yake ginuwa. Wannan ne ya bambanta shi da wahala. Kakarki ta Gozaki har yau damtsenta kamar icce, amma dubi bayanta. Ta yi shekaru a duƙe, aiki iri ɗaya, babu ranar hutu, babu wanda ya taɓa nuna mata yadda ake ɗaukar kaya. Ba irin wannan nake yi miki fata ba, kuma ba irin kwanciyata ba.

Ki ci abinci. Na san halinki da wake. A makaranta in an dafa kada ki ture ki koma wa garin kwaki da biskit. Wake da gyaɗa da awara da ƙwai su ne tubalin. Na sa miki ƙuli-ƙuli a gwangwanin madara, ba na rabo ba ne duka.

Kuskure na huɗu kunya. Ni da Inna a ɓoye muke yi, sai Babanku ya fita. Wata rana ya manta hularsa ya dawo, ya same ni na dafa bango da hannu biyu ina matsawa ina turowa, motsa jikin da aka koya mini don ƙarfin hannu da ƙirji. Ya tsaya yana kallo, can ya ce, "Hafsatu, in ɗakin ne ya yi miki kaɗan ki faɗa a kira magini." Shi wasa yake yi, daga baya ma shi ya samo mini ƙananan jarkoki masu daɗin riƙo. Amma wata maƙwabciya ta leƙo ta gan ni da su, maganar ta zaga layi. A gidan biki aka riƙa tambayata ko dambe zan shiga. Wata ta ja ni gefe ta ce in yi hankali, jikin mace in ya yi tauri miji gudu yake yi. Maganar ta shige ni. Na je gaban madubi na duba kafaɗuna, na tuna matan littafi, na daina.

Da na daina, Inna ma ta daina, tunda babu abin kallo. Kafin a gama sussukar masarar shekarar, ta koma dafa hannun kujera, ni kuma bayana ya dawo da ciwonsa. Ranar da na ga ta yunƙura za ta tashi ta koma ta zauna, ta waiga ko na gani, ranar na ɗauko jarkokina a gaban kowa. Wadda ta ba ni shawarar ba ta nan ranar da Inna ke kwance a siminti, kuma ba za ta zo ba in an sake.

Za a yi miki dariya a makaranta in an ga kina zauna-tashi a bakin gado ko kina tura bango. Ki yi dariyar tare da su, ki ci gaba. Ki yi a ɗakinku, cikin suturarki, babu abin da ya taɓa mutuncinki. Jikina bai zama na namiji ba. Rigunana ne ma suka fi zama daidai.

Ga abin da na samu, ba ƙari. Bayana ya bar ciwo sai jefi-jefi. Ina goya Hanifa, da girmanta, har asibiti in dawo ban nemi wurin zama ba. Ina hawa mashin ba sai an karkato mini shi ba. Tukunyar gas ni ke fitar da ita. Ina barci mai nauyi, kuma ke shaida ce faɗana ya ragu. Ba wani abin a rubuta a littafi ba ne, amma da irinsu ake yin yini.

Na Inna ya fi nawa. Ta fara tashi daga kujera hannu a ƙirji. Ta koma kai wa awaki dusa. Na mayar mata da taɓaryarta, ƙaramar, tana daka yajinta. Sannan aka koya mana yadda wanda ya faɗi zai tashi, wanda da na san shi da ba mu wuni a banɗaki ba. Ki riƙe shi, wata rana zai yi miki amfani. Da farko ba a jan mutum ta hannu. A tambaye shi inda ke ciwo. In ya bugu a kai, ko ƙugu na masa ciwo mai tsanani, ko ƙafa ta juya, kada a motsa shi, a rufe shi a nemo taimako ko da zai yi fushi. In babu wannan, ya mirgina gefe, ya dogara da hannu ya hau gwiwoyinsa, a kawo masa abu mai ƙarfi ya dafa, ya kafa ƙafa ɗaya, ya tashi ya zauna a kai. Mai taimako yana riƙe da ƙugunsa ne kawai. Mu turmi muke kifawa, in ɗaura wa Inna zani a ƙugu in riƙe.

Wata azahar na shiga ɗakinta da kwanon fura, na ga kujerar sallar a gefe, ita kuma tana ƙasa a kan darduma, goshinta a ƙasa. Na tsaya a bakin ƙofa ban motsa ba. Ta ɗago, ta zauna, ta koma. Da za ta miƙe ta dafa bakin gado, ta miƙe. Bayan ta sallame ta ga ina share ido, sai ta ce, "Goshina ne ya yi kewar ƙasa. Ajiye furar ki ba ni wuri."

Yanzu maganar Kaduna. Kada ki riƙe Gwaggonku a zuciya. Uwarta ce, kuma tsoro ne ya sa ta magana. Ta ce ta tanadi ɗaki a benenta, da keken turawa, da mai aiki, Inna ba za ta ɗaga ko tsinke ba. Da na ji kalmar nan a bakinta sai na ji kamar muryata ce ta dawo mini. Aka tambayi Inna, ta ce duk yadda muka yi daidai ne. Kin san ba za ta ce wa 'yarta a'a ba, ba kuma za ta ɗora wa suruka nauyinta da bakinta ba. Amma na ga ta fara tambayar wa zai riƙe mata awaki, ta kuma wanke taɓaryar ta jingine a ƙofar ɗakina.

Babanku ya ce mini shi yana kasuwa, ni ke gida, nauyin a kaina zai sauka, don haka ba zai yanke ba sai abin da na ce. Ban amsa nan take ba. Na ji tsoro, Walida. Ƙarfi ba ya hana ƙaddara, Inna za ta iya sake faɗuwa, kuma in wani abu ya same ta a hannuna, ni za a kalla. Wata zuciyar kuma ta raya mini irin hutun da zan samu, ni da littattafaina, ba mai kiran Hafsi.

Shekaranjiya da kika tafi kitso, gidan ya rage daga ni sai ita, kamar waccan ranar. Na ce, Inna, ina so mu gwada. Ta gane. Ta sauka ta kwanta a tabarma a tsakar gida. Na kifa turmi, na riƙe zanin ƙugunta. Ta mirgina, ta hau gwiwa, ta dafa, ta tashi, hannuna bai yi aikin komai ba. Na ce saura ɗaya, ta sake kwanciya, wannan karon ta saki jiki kamar ƙafafun sun ƙi. Na zaunar da ita, na tsuguna a bayanta yadda aka nuna mini, na rungume ta a ƙirjina, na tashi da cinyoyina na ɗora ta a kan turmin. Bayana bai ce komai ba. Muka tsaya muna haki. Sai ta laluba damtsena ta matsa.

"To," in ji ta, "tuwon ya fara sanin hanya."

An kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, an kuma farfasa santsin simintin. Na yi magana da matan maƙwabta biyu, duk mai fita za ta sanar da 'yar'uwarta. Abin da ɗan Adam zai iya ke nan, sauran na Allah ne.

Don haka ki zauna ki yi karatunki da zuciya ɗaya. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki gaida na gaba da ke, ki taimaki wadda ta kasa ɗaukar bokitinta, amma ki nuna mata yadda ake ɗauka. Allah Ya tsare ki daga sharrin mutum da na aljan, Ya kare ki daga ciwo da mugun abokin zama, Ya ba ki ilimi mai amfani da jiki mai ɗaukarsa. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, Ya yi miki albarka. Takwararki tana gaishe ki, ta ce in kin dawo hutu za ku gwada wanda zai riga wani tashi daga tabarma.

Na ba Babanku amsa, na kuma kira Gwaggonku na faɗa mata da bakina. Inna ba za ta Kaduna ba. Tana nan a ɗakinta, ni zan riƙe ta.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Umma